Ranar da Motar Akwai-Wuri Ta Ƙi Fita

A layinsu ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Akwai-Wuri ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara goma sha biyu yana tuƙa wata tsohuwar akori-kura mai kejin ƙarfe a baya, kuma a shekarun nan bakinsa bai taɓa iya furta "a'a" ba. Ko motar ta cika ta batse, ka tsayar da shi da katifa a ka, zai leƙo ta taga ya ce, "Ɗora mana, akwai wuri." Matarsa ta yi faɗa har ta gaji ta zuba masa ido.

To, ita mota ba ta da baki, amma tana da ranarta. Wata Litinin ya ɗauko siminti buhu ashirin. A hanya mai aski ya roƙe shi ya ɗora kujerun shagonsa biyu. Mai walda ya ƙara da ƙyauren ƙarfe. Suna shigowa layi sai ga Gwaggo mai ɗinki, tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi, tana tsaye kusa da firjin da ta karɓo daga gyara. Aka ɗora firji, ita ma ta haye ta zauna. Ba su yi nisa ba tayar baya ta faɗa rami. Ji kake ƙas! Gindin motar ya zauna daɓas a kan tayoyi. Sifirin ɗin hagu, wato faifan ƙarfen nan da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya su ɗauki nauyi, uku sun karye, shokozoba mai rage jijjiga kuma yana ta tsiyayar mai.

Nan Akwai-Wuri ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya fito yana huci, ya balbale su da faɗa a tsakiyar titi.

"Ku ne kuka kashe ta! Kullum ɗauki wannan, ɗora wancan. Daga yau ko allura ba zan sake ɗaukar wa kowa ba. Gwaggo, har da ke. Ke kaɗai kin kai buhu uku!"

Tsohuwa ta sauka ta tafi gida. Duk da haka maza suka sauke kaya, suka tura masa motar ta ƙofar gida har tsakar gida, suka watse ba sallama.

Abin da ya ɗaga masa hankali shi ne ranar Asabar. Ya yi wa mahaifiyarsa alkawari zai je can gidan yayansa ya ɗauko ta, ita da gadonta na ƙarfe, ta dawo wurinsa da zama. Inna kuwa ta faɗa da bakinta, in bai zo Asabar ba, ta san ba ya son zamanta, kada ya sake tayar da maganar. Kuma in Inna ta faɗi magana, ta zauna.

Ya ce ba bakaniken da zai taɓa masa mota, shi zai gyara abarsa. Ya ɗaga ta da jak, ya tokare da gungumen itace, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Notunan sun yi tsatsa sun kafe. Ya jiƙa su da kananzir, ya zura dogon bututu a hannun sifana, ya hau ya taka da ƙafa. Na farko ya kwance. Na biyu ya kwance da shi gaba ɗaya, ya faɗa cikin bahon wankin matarsa. Kwana uku tsakar gida ba wurin shanya, ko ina ƙarafa da baƙin mai, kofin shan ruwa ma ya koma mazubin notuna.

Ya je wurin masu tsofaffin kayan mota ya zaɓo faya-fayan sifirin masu kauri. Da ya zo jerawa sai dabara ta zo masa: me zai hana ya ƙara ɗaya a kowane gefe? Ya ƙara. Ya daidaita su a kan kusar tsakiya, ya ɗaure tamau, ya sa sabon shokozoba. Ranar Juma'a da yamma ya sauke jak. Kai, motar nan ta miƙe tsaf, gindinta a sama kamar zakara. Ya zagaye ta sau uku yana shafa ta.

"Maman yara, fito ki ga aiki!"

Ta fito, ta dubi motar, ta dubi ƙofa, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, maigida." Ta koma ciki.

Asabar da hantsi ya yi wanka, ya sa fararen kaya, ya tada mota, ya sa ribas. Garam! Kan kejin ya daki dalar kankare da ke saman ƙofa. Ya fito ya duba. Kejin ya fi ƙofar tsawo da kusan taƙi guda.

Matarsa tana jingine da bango. Ta ce, "Shekara goma sha biyu motar nan tana kwana a waje. Ka taɓa tuna dalili? Ba ta shiga. Rannan ma don ta durƙusa ne ta shigo."

"To me ya hana ki faɗa mini jiya?"

"Na ga kana murna."

Ido ya raina fata. Ya sace iskar tayoyi, saura yatsa huɗu. Kejin a like yake da walda, mai waldan kuma yana cikin waɗanda ya zaga. Dalar ba ta fasuwa, tankin ruwan gidan a kanta yake zaune. Ya loda duk abin da ke gidan mai nauyi, buhunan hatsi biyu, tsohon janareto, duro cike da ruwa, matarsa ma ta hau. Sifirin ɗin da ya ƙara wa ƙarfi ko gezau, saura yatsa uku. Waya ta yi ƙara, yayansa ne: Inna ta sa an kwance gado tun safe, tana zaune a bakin ƙofa da jakarta a cinya.

Ya zauna a kan tayar baya ya riƙe kai. Wallahi tausayi ya ba ni a nan, don mutumin ba mugu ba ne, bakinsa ne ya yi masa gudu rana ɗaya.

"Nauyi kake nema," in ji matarsa daga saman mota. "Ka san inda yake."

Haka ya fita da fararen kayansa da suka yi dabbare-dabbare da mai, yana bin ƙofa ƙofa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Mai aski ya bar mutum da rabin kai ya zo, mutumin ma ya biyo shi da tawul a wuya. Mai walda ya zo yana cewa, "Ni dai na ji an ce ko allura." Suka hau su tara, suka matsa can baya. Mota ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta tsaya. Saura yatsa ɗaya.

Ƙofa guda ce bai iya ƙwanƙwasawa ba. Sai ga mai ita ta leƙo da kanta, da tef ɗin awo a wuya. Gwaggo ta tsaya ta ƙare wa motar kallo, ta ƙare masa kallo.

"Ɗan nan, akwai wuri?"

Ya yi gyaran murya.

"Akwai, Gwaggo. Ki yafe mini."

"Matsa can. Buhu uku za su hau."

Aka kama hannunta ta hau, ta zauna a kan ƙyauren baya. Sifirin ya yi wani ɗan kuka. Akwai-Wuri ya ja a hankali, kejin ya goge dalar, fenti ya zubo wa mai aski a ka, motar ta fita titi.

Kowa ya sauka, aka sauke duro, aka ba tayoyi iska. Gwaggo kaɗai ta ƙi motsi. Ta ce ai Inna ƙawarta ce tun kafin a haife shi, da ita za a je ɗauko ta. Ya buɗe mata gidan gaba, ta ce a'a, nan bayan ya fi iska, kuma tana so ta ji ko aikin nasa zai ɗauke ta.