Jini a Kular Zoɓona

'Yan uwa, yau na buɗe kular zoɓona na tarar da jinin mutane!

Yau maigidana ya fara aikin kai jinin gwaji a babur, daga Gwiwa zuwa Kazaure. Ya biyo gida Roni ya yi azahar, ya ajiye kularsa kusa da tawa, ya fita a gurguje. Maƙwabciyata ta zo sayen zoɓo, ina buɗewa sai ga ƙananan kwalabe da sunaye a jiki. Na yi salati.

Ta ce, "Maman Hanifa, sabon haɗi ne?"

Sai ga kiransa: "Taki na ɗauko. Hau acaɓa ki kawo, in ƙanƙarar ta narke korata za a yi."

Ga ni a hanya rungume da jini, bai faɗi wane asibiti ba, wayarsa kuma ta mutu.