Yarinyar da Ta Yi Alwala da Ruwan Coci

Ni ban san biro ba. Jikata ce take rubutawa, ni ina faɗa. Na gaya mata in ta ji muryata ta sarƙe ta ɗan jira, domin tun da mijina ya rasu hawaye ba sa yi mini sallama kafin su shigo.

Mijina katikis ne, wato shi yake koya wa yara addini a cocinmu na Katolika a nan unguwar Nima. Daga arewacin Ghana muka zo muna da ƙuruciya, muka kama ɗaki a gidan haya cikin Musulmi. Da Hausa muka fara sayen barkono, a hankali har ta zama da ita muke faɗa da juna. Kowace Asabar, in an idar da la'asar a masallacin bayan gidanmu, sai ya rataya jakarsa, ni in ɗauki bokitin ruwan sha da moɗa, mu nufi harabar coci. A can yaran da ake shiryawa karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki, karo na farko suke jiranmu a kan benci, a inuwar bango.

Yana da doka guda da ko Fada, limamin cocin, bai taɓa iya tanƙwara ta ba: kowane yaro sai uwarsa ko ubansa ya zauna a bencin bayansa. Yakan ce, "Ni ranar Asabar nake zuba ruwa. In tulun gida a huje yake, kafin Litinin ya tsiyaye." Yaron da bayansa ya zauna babu kowa, to sai dai ya jira baɗi.

Iyayen suna zuwa, ba zan yi musu ƙarya ba. Mata su zo da farantan tallarsu su tura ƙarƙashin benci, ana zancen Musa da Fir'auna a gaba, ana cinikin kifi da ido a baya. Maza kuwa da sun zauna sai gyangyaɗi. Wanda bai yi barci ba shi ne mafi haɗari, domin in an tambayi ɗansa sai ya sunkuya ya raɗa masa amsa, amsar kuma ba daidai ba. Mijina ya cire tabarau ya ce, "Yaron nan da ya san amsar, sai da ubansa ya taimake shi." Aikina ni share majina, ba da ruwa, da zungurar masu minshari da gindin moɗa.

Wata shekara aka sami yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas, mai kaifin kai, kullum tsaf da kitsonta. Addu'a in an biya mata sau ɗaya ta zauna. Amma bencin bayanta kullum wayam. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama. Ubanta ɗan garinmu ne, makanike a unguwar Abossey Okai, yana haya a gidan wata Hajiya mai sayar da shinkafa da wake a Maamobi. Mijina ya aika masa, ya sake aikawa, amsar dai guda ce: Asabar ranar aiki ce.

Da lokaci ya matso, mijina ya ce yau za a koyi shiga coci. A bakin ƙofarmu akwai kwanon dutse mai ruwa mai tsarki. Mai shiga yakan tsoma 'yan yatsu ya yi alamar gicciye, shi ke nan. Ya jera yaran, ya sa yarinyar a gaba tunda ita ce gwanarsa, ya ce, "Ku dubi yadda ake yi."

Yarinyar ta tuɓe silifa ta jera su a gefe. Ta naɗe hannun riga. Ta kamfaci ruwan ta wanke hannuwa, ta kurkure baki, ta shaƙa a hanci ta fyace, ta wanke fuska, ta bi hannu har gwiwa, dama kafin hagu, ta shafi kai da kunnuwa. A natse take yi, ko limamin unguwa ba zai sami abin gyarawa ba. Ta sunkuya za ta kama ƙafa ke nan muryar mijina ta dawo masa.

"Ke! Ke! Wa ya koya miki wannan?"

"Mma Hajiya. Haka ake yi kafin a shiga wurin Allah."

Na baya biyu har sun fara tuɓe takalma. Wata uwa ta cusa bakin zane a baki, kafaɗunta suna rawa. Ni na juya na fuskanci bango kamar ina neman wani abu. A nan muka gane yarinyar ba ta taɓa ƙetare ƙofar nan da wayonta ba. Mu muna zaton tana zuwa sujadar safe, masu zuwa da safe suna zaton tana zuwa tamu.

A gida mijina ya ƙi taɓa tuwo. Ya ce, "Bana ba za ta karɓa ba."

Na ce, "Maigida, ba kai kake cewa abin da gida ya koya shi yake zama ba? Ga gida ya koya, ko kunne ba ta tsallake ba."

Ya harare ni ta saman tabarau. Wayyo, hararar nan. Da zan sake samunta ko sau ɗaya, da na bar tsokana har abada. Ƙarya nake yi, da na ƙara.

Ya ce ba fushi yake da yarinyar ba. Tsoronsa a sa mata farar riga rana guda, daga nan babu mai kawo ta. Na san gaskiyarsa. Amma ina hango ta a tsaye a bakin hanya tana kallon 'yan ajinsu cikin fararen kaya, sai tuwon ya ƙi wuce mini ni ma.

Washegari na tafi Maamobi wurin Hajiya. Na same ta a bayan tukunya tana zuba wa mutane. Da na ba ta labari ta yi dariya har ta ajiye ludayi ta zauna a kan turmi.

"Matar Malam, har da hanci?"

"Har da hanci, Hajiya. Saura kaɗan Fada ya sayi buta."

Da na kai ga zancen baɗi, dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Uwar yarinyar nan a cinyata ta cika. Ta ce mini, Mma, ki riƙe ta, amma a hanyar addininmu. Ni nake kora ta wurinku kowace Asabar. Amana ce. Yanzu ku ce za ku bar mini ita a baya?"

Asabar ta zagayo. Muna cikin waƙar buɗewa sai ga Hajiya da mayafinta da carbi a hannu. A bayanta wani dogon mutum ne, rigar aiki baƙa ƙirin da mai, kansa a ƙasa kamar akuyar da aka kamo a gonar mutane. Ta gaishe da mijina.

"Malam, sannu da aiki. Ni ba zan shiga ɗakinku ba, ba zan kuma faɗi abin da kuke faɗa ba. Wanka da tuwo da kitso nawa ne. Amma wannan na ubanta ne, ga shi na kawo maka."

"Hajiya, ta yaya kika raba shi da aiki? Ni na aika har na gaji."

"Ai kai aike kake yi. Ni motar haya na hau, trotro, har garejinsu. Na same shi a ƙarƙashin mota, na jawo taya na zauna, na ce ba zan tashi ba. Abokan aikinsa suka taru suna tambaya ko surukarsa ce. Na ce a'a, uwar ɗakinsa ce, kuma yau ban dafa komai ba, ina da lokaci."

Iyaye suka kwashe da dariya, har masu barci suka farka. Shi dai mutumin bai ɗago ba. Ya zauna a bayan 'yarsa a ɗofane, yarinyar tana ta waiwaye kamar za a sace shi.

Da aka gama karatu mijina ya ce a je bakin ƙofa, kowane uba ko uwa ya nuna wa nasa. Kowa ya yi ya wuce ciki. Makaniken ya tsaya can nesa da matakala. Ina kusa da bokitina, na ji abin da ya ce a hankali.

"Baba, rabona da ƙofar nan tun ranar da aka fito da akwatin gawar uwarta. In na doso ta ƙafafuna ba sa ɗaukata."

Na zaci mijina zai yi wa'azi, domin mutum ne da ko gishiri ka tambaye shi sai ya faro daga Adamu. Bai yi ba. Ya daɗe yana goge tabarau da bakin riga, sannan ya ce, "Ɗana, yau ba sai ka shiga ba. Ruwan ai a bakin ƙofa yake."

Mutumin ya hau matakalar. Ya kama hannun 'yarsa ya tsoma yatsunta a kwanon, ya kai goshinta, ƙirji, kafaɗa da kafaɗa. Baƙin mai ya zauna mata a goshi ɗoɗar, ba wanda ya ce a goge. Hajiya tana can bakin get ta ba mu baya, wai tana duba ko hadari zai taso.

A lokacin tausayinsa kawai na ji. Sai yanzu na san abin da yake nufi. Ni ma tun da aka fito da akwatin mijina ta ƙofar nan, ta ƙofar gefe nake shiga.

A hanyar gida, da muka kai bakin kwata, mijina ya juyo wurina. Ya ce, "Ki gaya wa Hajiyarki ta nemi farin yadi." Na ce da ma tawa ce ni kaɗai? Ya yi kamar bai ji ba.

Uban ya ci gaba da zuwa. Da farko a bakin ƙofa yake tsayawa ranar Lahadi, daga baya ya kai bencin ƙarshe, can kusa da inda ake jingine tsintsiya. Bai wuce nan ba, mijina kuma bai matsa masa ba.

Ranar Jibin, yara suka jeru cikin fararen kaya. Da layi ya zo kan yarinyar ta miƙa wa Fada hannuwa, sai ga tafukan jajawur da lalle har yatsu. Fada ya ɗan tsaya, ya dubi mijina. Mijina ya matso kusa da ni ya ce ta gefen baki, "Wa ya sa mata wannan kuma?" Na ce, "Uwar amarya." Fada ya ɗora mata gurasar a tsakiyar lallen, ta karɓa.

An koya musu in sun karɓa su koma wurinsu su durƙusa, su rufe ido. Ita sai ta miƙe samɓal ta tsakiyar coci, ta kama hannun ubanta a bencin ƙarshe, ta ja shi waje inda Hajiya take zaune a ƙarƙashin lema da kular shinkafa. Har cikin coci muka ji muryarta: "Mma, na karɓa!"

Kowa ya juyo yana jiran abin da katikis zai yi. Shi kuwa ya ɗaga kai yana nazarin fankar sama, kamar ranar aka kafa ta.