Ƙashin Raƙumi Mai Farin Fenti

A duk shekarun da na yi ina shugabancin maginan rijiya a wani furoje na samar da ruwan sha, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wadda muka tono raƙumi a wani ƙauye na karkarar Yekuwa. Ku sababbin shiga, ku ji yadda aka yi.

Ƙa'idar aikinmu ita ce a haƙa rijiya da rani, a jera mata zoben siminti kafin ruwan farko, in ba haka ba yashi ya rufta. Watan Maris ne, mun kusa cim ma ruwa, sai maginanmu suka ci karo da ƙasusuwa da ƙoƙon kan raƙumi can ƙasa. Doka ta ce duk abin da aka tono a sanar da na gaba. Ni kuwa sarkin bin doka, na hau babur har biro, wato ofishinmu, a Dungas, na shaida wa shugabana, Mushe Ilyasu.

Ashe ya saurari wani shiri a rediyo. Wai masana na gardama: Baibul, littafin Kirista, ya ce Annabi Ibrahim yana da raƙuma. Wasu masu tonon kayan tarihi sun ce ƙasusuwan raƙuman gida da suka samu a can ƙasar Sham ba su kai zamaninsa ba, wasu kuma suka ce rashin ganin ƙashi ba ya nufin babu raƙumin. Gardamar da ta gagari manyan jami'o'in duniya, Mushe Ilyasu ya ga Allah ya kawo ƙarshenta a shantiyensa, wato wurin haƙar rijiyarmu.

"Malam Sani, a tsai da aiki. Ƙashin nan zai sa duniya ta san da mu."

"Mushe, matan garin fa? Damina na tafe."

"Da can ba su sha ruwa ne? Su ƙara haƙuri, tarihi ne."

Aka zagaye ramin da igiya, aka ajiye gardi yana tsaro. Mata suka ci gaba da bin amalanke zuwa wani gari ɗebo ruwa, suna wuce tasu rijiyar safe da yamma. Shugabarsu, Inna Hajo, ta tare ni ta ce, "Ɗana, shi mushen nan ne zai sha ruwan, ko mu?"

Sai labari ya zo prefe, shugaban gundumar, zai kawo ziyara. Kun san al'adarmu in babba zai zo: a share fili, a shafe duwatsu da gindin itatuwa da farin fenti. Mushe ya dubi ƙasusuwan ya ce bai kamata baƙo ya ga ƙazanta ba. Aka fiddo su, aka wanke da sabulu, aka shafe su fes, aka jera bisa tebur. Gawayi da tsingaron da ke tare da su kuwa suka bi shara. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto.

Bayan haka ne wata masaniya daga jami'a, Madam Rakiya, ta iso. Ta dubi ƙasusuwan da ke bisa teburin, ta juyo gare mu.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Mushe ya matso yana gyara hula.

Ta yi mana bayani cikin sanyin murya cewa ƙashi shi kaɗai ba ya faɗin komai. Ƙasar da ya kwanta a ciki da gawayin da tsingaron su ne shaidunsa. Kuma ko an gano shekarunsa, raƙumin Damagaram ba zai yi shaida kan na ƙasar Sham ba.

"To Madam, me kika gano?" in ji Mushe.

"Raƙumi ne, kuma ya mutu."

Kafin izinin ci gaba da aiki ya fito, ruwa ya sauka, rijiyar ta rufta. Ƙauyen nan sai da ya sake shekara yana bin amalanke. Na ji haushi, na ji kunya, don ni na yi wa Inna Hajo alkawarin ruwa kafin shuka. Mushe kuwa ya maƙala hoton a biro.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu na saurin ɗaukar darasi, sai dai ba wanda kake so ba. Mun haƙa rijiyoyi da yawa bayan nan, daga Bande har Dungas, a ƙasar da aka daɗe ana zama ana kiwo. Ikon Allah, ba mu sake tono komai ba. Madam Rakiya takan kira ni ta roƙa, ko tsingaro ne a ajiye mata. In na leƙa rami na tambayi magina, sai murya ta taso daga ƙasa: "Shef, yashi ne zalla, ko ƙashin kaza babu."