Gaisuwar da Muka Kai wa Kansila a Kan Kurar Ruwa

Duk wanda zai rubuta tarihin mulkin farar hula a ƙasar nan, in bai keɓe babi guda ga kurar 'yan ga-ruwa ba, to rabi ya rubuta. Ni da nake koyar da tarihi a sakandare ban san haka ba sai a hutun da ya wuce, da na je Legas duba ƙanina.

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Zariya, ni da wani abokin aikina da zai sauka a Ibadan. Doguwar bas ce irin wadda ake kira lagzuri, ko da yake in ka cire fentin ban ga abin da ya cancanci sunan ba. Hanyar Birnin Gwari ta jijjiga mu har hanji. Sojoji sun koma bariki, amma shingayensu ba su bi su ba. Launin kaki ne kawai ya sauya, hannun da ake zurowa ta tagar direba shi ne dai na da. A Jebba na taya busasshen kifi, mai kifin ta faɗi kuɗin da ya sa na sake duban kifin. Ta ce ai fetur ne ya tashi. Ban san a fetur kifin Kwara ke iyo ba. Muka kwana a Ilori, na ci amala da miyar nan mai yauƙi da ke bin hannu har gwiwa, washegari da hantsi muka shiga Legas.

Ƙaramar bas ɗin haya da suke kira danfo ta sauke ni a Agege, gefen layin dogo. Hausa ko'ina, sai dai wadda aka yi wa miya da Yarbanci. Ƙanina ɗan ga-ruwa ne. Yana cika jarkoki a rijiyar burtsatse, ya jera su a kura, ya tura gida-gida. Kurar tasa ce, ba ta haya ba, tumakinsa ya sayar ya saye ta, kuma da ita yake ciyar da matarsa da yaransa da ke gida. Na tarar da shi ba walwala.

Dalili kuwa, majalisar ƙaramar hukumarsu za ta yi wata doka wai ta tsabtace gari. Wani ɗan okada, wato ɗan acaɓa, haifaffen Legas, da ke jiran fasinja a bakin sakatariya, shi ya jiyo abin da ke ciki. Akwai maganar kwata, akwai lasifikar masu talla, akwai awakin da ke yawo a titi, akwai ƙarin alawus ɗin kansiloli. Can a tsakiya kuma an hana tura kowane irin amalanke a kan titi, har da kurar ruwa. Don Allah me ya haɗa akuya da alawus? Ba sai ka yi digiri ba za ka gane ɗinkin. An haɗa su a takarda ɗaya ne domin duk kansilan da zai tsaya wa mai kura, sai dai ya kayar da alawus ɗinsa tare.

Sarkin 'yan ga-ruwan unguwar, wani dattijo Bakatsine da kowa ke kira Baba, ya yanke shawarar a je wurin kansilan mazaɓar. Aka tafi da ni a matsayin mai Turanci, ɗan okadan kuma tafinta, don kansilan Bayarabe ne. Na shirya hujjoji a kaina kamar zan shiga aji. Baba kuwa goro ya saya, farare manya, ya ƙunshe a ganye.

Kansilan ya karɓe mu da fara'a. Baba ya zauna ya fara gaisuwa: gajiya, iyali, aiki, jama'a, ya sake komawa kan iyali. Tafinta na juyawa yana share gumi. Da aka miƙa goro, kansilan ya dubi agogo ya yi magana.

Tafinta ya ce, "Baba, oga yana tambaya, akwai wata wahala ne?"

Baba ya ce, "Babu komai sai alheri. Gaisuwa ce kawai muka kawo."

Na buɗe baki, Baba ya dafa mini gwiwa. Aka yi addu'a, aka tashi.

Muna fita na ce, "Baba, ai ba mu faɗi abin da ya kawo mu ba."

Ya ce, "Malam, boko ya cinye ka. Yau ka fara ganin mutum, yau ka ɗora masa buƙata? Sai ya ɗauke mu 'yan maula. Yau an san fuska. Jibi a dawo da magana."

Ɗan okadan ya ce, "Baba, nan Legas ce fa. Jibi ta yi nisa."

Ya kuwa yi gaskiya. A yinin ranar aka zartar da dokar. Karatu na ɗaya, na biyu, na uku, duk tsakanin azahar da la'asar. Ni da ɗalibaina ba ma gama babi guda a wannan lokacin.

Ran jibin muka koma. Kansilan ya saurara, ya kama haɓa, ya yi dogon bayani. Tafinta ya taƙaita: "Ya ce shi bai san da maganar kura a ciki ba. Ya ce takardar na da kauri, kuma da safen aka raba musu. Ya ce da kun faɗa masa shekaranjiya..." Baba kuwa carbinsa kawai yake ja.

Akwai masu ɗora laifin a kan Baba. Ni ban ɗora ba. Dattijon ya yi abin da iyayensa suka koya masa ne, kuma a inda ya fito haka ake samun biyan buƙata. Wanda nake tuhuma shi ne mutumin da ya bi gida-gida yana roƙon ƙuri'a, sannan ya ɗaga hannu ya amince da abin da bai karanta ba, kuma ya faɗa da bakinsa ko kunya bai ji ba. Zamanin soja doka kan faɗo mana daga sama, amma aƙalla soja bai taɓa cewa shi wakilina ne ba. Ɗalibin da ya ce mini littafi na da kauri shi ya sa bai karanta ba, na san makin da nake ba shi.

Da yamma muka zauna cin abinci a rumfar wata mata 'yar Kudancin Kaduna, wadda ƙanina ke kai wa ruwa kullum. Tana zuba mana shinkafa ta ce, "Malam, an ce kun je kun gaishe shi. Ya amsa?" Na ce ya amsa. Ta ce, "Madalla. Gobe sai in dafa shinkafa da gaisuwar."

Gari na wayewa ma'aikatan tsabta suka tare ƙanina a bakin titi. Suka sauke jarkokin, suka ɗora kurar a bayan akori-kura. Tarar da suka yanka masa ta fi kuɗin kurar. Ranar da zan taho na gan shi da sanda a kafaɗa, jarka ɗaya gaba ɗaya baya, yadda ya fara sana'ar tun yana sabon zuwa. Ya rako ni tasha, ya ce, "Yaya, kada ka gaya wa Inna. Ka ce mata kasuwa ce ta ɗan ja baya."

Na dawo Zariya da ciwon baya da darasi guda. Ladabinmu an gina shi ne don mutanen da ke da lokacin sauraro, su kuwa waɗannan sauri suke yi, kuma da gangan suke yin sa. Dokar da za ta taɓa tukunyar mutum, kamata ya yi a ware ta ita kaɗai, a karanta ta a bainar jama'a, kowane kansila ya miƙe ya ce e ko a'a da bakinsa, mu san inda za mu same shi. Haka na gaya wa ɗalibaina, suka rubuta.

Makon jiya wani ɗan cirani ya dawo daga Agege, na tambaye shi labarin kurar. Ya ce tana nan a sakatariya. Famfonsu ba ya kawo ruwa, da ita masinja ke ɗebo musu.