Takardar Barira Mai Fura

Ranar Lahadi, 8 ga Maris 1953, ranar kasuwar Jibiya, na fara ganin Barira a bakin shingen kwastan inda nake aikin rajista. Mai fura ce daga Gangara, tana goye da jariri mai suna Manu. Uwar mijinta, Talatu, na gaba tana sauri. Za su kai shi wani ƙauye a hayin iyaka, ƙasar Faransi, wata gwaggo ta shayar da shi, don an ce nonon Barira ne ke kashe mata 'ya'ya.

Maza biyu ta riga ta binne. Kowanne yakan yi ɓulɓul har wata shida, sai kunne ya fara ruwa, tari ya sauka ƙirji, ya warke ya dawo. Da an cire shi daga nono, kafin damina sai ya rasu.

Barira ta tsaya cak, ta zuba wa alƙalamina ido.

"Malam, kai da ke rubuta buhunan gyaɗa, kana rubuta mutane?"

"Ke, rana na yi!" in ji Talatu.

"Inna, ki yi mani haƙuri kaɗan."

Ta shiga lissafi da yatsu, ina rubutawa. Ƙannenta maza uku, biyu sun rasu suna yaye. 'Ya'yan yayarta maza, biyu cikin huɗu. Nata biyu. Ƙanen da ya rayu kuwa, 'ya'yansa garau. Mata duka suna raye.

"To Inna, in nonona ne, mi ya hana shi taɓa 'ya'yana mata, Hassana da Salmatu? Ba shi suka sha ba?"

"Malamar asibiti muka samu ke nan," in ji Talatu. Amma da Barira ta juya gida da Manu, ba ta hana ta ba.

Barira ta shayar da Manu shekara biyu da rabi, ana ta surutu. Duk sanda wani ya haihu ko ya rasu a danginta, takan ajiye ƙwaryarta a gindin shinge ta ce a ƙara a takardar.

A 1956 wani likita ya zo rangadi. Ta miƙa masa takardar. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ta bakin tafinta: akwai wata cuta da ba a daɗe da gano ta ba, jinin yaro ya rasa abin da ke yaƙar ciwo. Ta wajen uwa take bi, maza take kamawa. Ba shi da abin gwaji, amma takardar ta yi kama da ita. Nono ba shi da laifi. Ya sa a riƙa yi wa Manu allurar fenisilin da zarar zazzaɓi ya taso.

Ta tambaya me ya sa take tsallake wasu mazan. Ya ce kamar ƙuri'a ce. Amsar ba ta gamsar da ita ba.

Manu ya rasu a watan Agusta 1959, yana da shekara shida da rabi, da ciwon ƙirji. Barira na nan tana sayar da fura. Takardar tana hannun Hassana, wadda ta haifi namiji bana, kuma ita ke shayar da shi.