Bakin da Ke Ƙarƙashin Amawali

Duk lokacin da na wuce masu sayar da turkudi a kasuwar Dakoro, warin shunin nan sai ya mai da ni gidan kakana. Mutumin Tagriss ne, dogo, siriri. A zamaninsu ga yadda kyan namiji yake: kwalli ya zauna a ido, shunin rawani ya rina goshi da yatsu, baki kuwa a ɓoye ƙarƙashin amawali. Ko abinci zai ci, sai ya juya wa mutane baya. Ni jikarsa ban taɓa ganin bakinsa ba, 'ya'yansa ma haka.

Wata bazara kawuna ya kawo wani mai zanen bayan kamiyo, wato manyan motocin kaya, daga Maraɗi, wai ya zana tsohon a jikin katako. Kakana ya zauna a inuwar aduwa, rawani a naɗe, bai sassauta ko kaɗan ba. Shi kuwa mai zanen ɗan birni ne, a ganinsa hoto babu murmushi ai ba hoto ba ne. Sai ya zana shi amawali a sauke, ya ƙirƙiro baki, har da wushirya da ɗan tabo a leɓen ƙasa.

Da kakata ta gani, sai ƙwaryar hannunta ta suɓuce.

"Yaro, wa ya gwada maka bakinai?"

"Wallahi, Inna, ban gani ba. Hannuna ya tahi haka nan."

Tabon nan, in ji ta, raƙumi ne ya yi masa tun yana saurayi, kuma ita kaɗai ta san da shi.

Kakana ya daɗe yana kallon katakon, sannan ya ce, "An tuɓe ni." Daga ranar maganarsa ta ragu, kafin a yi ruwan farko ya rasu. Kakata ta yagi turkudinsa ta ɗaure bakin hoton, ta ce kada wanda ya kwance. Na ji tsoron hoton nan ƙwarai, ko da rana tsaka ba na shiga ɗakin ni kaɗai.

Yau hoton yana hannuna. Samarin yanzu kai a buɗe, haƙora a waje, kowa na ɗaukar kansa a salula, kuma ban ga wanda abin ya kashe ba. Har na fara cewa tsoron yarinta ne kawai. Kwanan baya ɗana ya kwance ƙyallen bai tambaye ni ba, zai ɗauka a salula ya tura wa dangi. Sai na ji ya ce, "Inna, ina wushiryar da kike faɗi?"

Na zo na duba. Tabon yana nan. Leɓunan kuwa a haɗe suke gam. Na mayar da ƙyallen na ɗaure.