Allurar Cike Tsaga

Da tsagar Gobirawa na tashi, daga gefen baki har kusa da kunne, irin wadda ke fuskar Inna da ta mahaifiyarta. A Illela ba wanda ya taɓa kallonta sau biyu. Sai da na je kwalejin horon malamai a Sakkwato, wata 'yar babban ma'aikaci ta tambaye ni a gaban aji ko kyanwa ce ta yakushe ni. Aka yi dariya, kowa ya manta. Ni ce ban manta ba.

Na dawo gida ina koyarwa a firamare, a tsakiyar shekarun tamanin. Lokacin idon Inna ya riga ya tafi. Duk ɗan da ya shigo gaishe ta, ko ta gane muryarsa, sai ta kamo fuskarsa ta bi tsagar da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sa albarka. Abin yana ba ni haushi, don takan goge mini hoda.

Wata ranar kasuwa matar wani ɗan canji ta raɗa mini cewa akwai likitan da ke tsallako iyaka daga Ƙonni, yana cike tsaga da allura, fata ta koma sumul. Na same shi a bayan wani shagon magani, da farar riga da jakar hannu. Yana magana yana jefa Faransanci, ni kuma, malamar makaranta guda, wannan ya ishe ni shaida.

Yanzu 'yar ƙanwata, wadda ke aikin jinya, takan ce duk mai zuwa irin wannan allura karon farko ya tambayi abin da ke cikin sirinjin, da inda mai yin ya koyi aikin, da ko jiki zai shanye ruwan bayan watanni, da ko ana iya narkar da shi in abu ya ɓaci. In ta fara lissafin nan ji nake kamar in rufe mata baki. Ni tambaya ɗaya na yi, ko zai yi zafi. Ya ce kamar cizon sauro. A nan kaɗai bai yi mini ƙarya ba.

Makon farko kumatuna suka cika, tsagar ta ɓace. Har hoto na je na ɗauka, don rashin hankali. Kafin damina ta wuce abin ya daskare, ya yi ƙulu-ƙulu, ya gangaro wajen muƙamuƙi kamar an zuba tsakuwa a ƙarƙashin fata. Mutumin bai sake tsallakowa ba. A asibiti a Sakkwato likita ya ce wani irin mai ne aka ɗura mini, ba ya narkewa, in za a cire sai an haɗa da nama. Ya tambayi sunan wanda ya yi mini. Ko sunansa ban sani ba.

Na koma gaishe da Inna daga bakin ƙofa. Yau in ce mura, gobe in ce na makara. 'Yan'uwana suka rufa mini asiri, har ranar da ta kwanta ciwo ta ce in matso, ba ta son jin wani uzuri.

Na durƙusa. Ta ɗora yatsa a gefen bakina ta bi zuwa kunne. Ta dawo ta sake bi. Ta gwada ɗaya kumatun, a hankali, ta daɗe tana laluba.

“Muryar ɗiyata ta,” in ji ta, “amma fuskag ga ban san ta ba. Mi kinka yi da su?”

Ta janye hannunta ta ajiye a kan tabarma, ta sa mini albarka kamar yadda ta saba, ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ta yi shekara biyu bayan wannan. Kullum ina zuwa, ina zama dab da ita, ina ganin yadda take shafa fuskokin ƙannena. Ni kuwa har ta rasu ba ta sake goge mini hoda ba.